Ganyen zaiti da karan dawa a cikin famfon feshi: muhawarar da aka yi a zauren manoma

Baban Ummi, Pitowa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. A iyakar gonata ta gabas akwai layin itacen zaiti da maƙwabcina ya dasa. Shekara uku ke nan ina lura, ƙarƙashinsu fes kamar an share, ko harkiya ba ta leƙowa, amma ka yi taku goma ciyawa har gwiwa. Shi ne na ce, in dai ganyen nan ne ke hana ciyawa fitowa, me zai hana in jiƙa shi a duro, in tace, in zuba a famfo in fesa? Abin da ya kawo tunanin, bara famfona ya yi yoyo ta murfi, maganin ciyawar ya jiƙa bayan yaron da ke mini feshi tun hantsi har azahar bai faɗa ba. Washegari fatar ta saluɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Kwana huɗu muka yi a asibiti. Laifina ne, a kasuwa na saya cikin gorar ruwa, ba takarda ba suna. Tun ranar in na ɗauki famfo gabana faɗuwa yake yi.

Shugaban zaure:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ƙara masa lafiya, ya tsare gaba. Ba abin dariya a nan. Masana, bismillah.

Mai shagon magani, Gidar:
Alhaji, in da ganyen zaiti na kashe ciyawa da tuni na rufe shago na koma sayar da goro. Matsalarka ba maganin ba ce, gorar ruwan ce. Araha ba ta ado.

Goggo mai albasa, Marwa:
Kai kuma dama me za ka ce? An taɓa ganin mahauci ya zagi nama?

Kawu malamin gona (mai ritaya), Marwa:
Baban Ummi, kafin in ce komai ka amsa mini abu guda. Masarar da ke kusa da zaitin nan, layi biyu ko uku na farko, yaya take yi?

Baban Ummi, Pitowa:
Gaskiya Kawu ba ta abin kirki. Gajeruwa, ganyen ɗorawa-ɗorawa, wani lokaci ko goyo ba ta yi.

Kawu malamin gona:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Itacen bai san wannan ciyawa ce, wannan kuma abincin iyalan Baban Ummi ne ba. Duk abin da ya tsiro kusa da shi kishiya ce. Sannan ba ganyen kaɗai ke aikin ba. Akwai inuwa, akwai saiwa da ke shanye ruwa da taki tun kafin wani ya samu, akwai busasshen ganye da ya rufe ƙasa ya hana irin ciyawa ganin rana. Man da ke cikin ganyen, wanda kake jin ƙamshinsa in ka murza, shi ma yana da nasa rabon, ban musa ba. Amma kai abu ɗaya za ka ɗiba cikin huɗu ka zuba a famfo, shi ɗin ma mai ne mai saurin tashi, ba ya son haɗuwa da ruwa, ranar Garwa kuwa ba za ta bar shi ya kai la'asar ba.

Ɗan jami'a, Marwa:
Kawu ya yi gaskiya, amma a ba ni dama in ƙara, don tunanin Baba ba shirme ba ne ko kaɗan. Abin yana da suna a ilimin tsirrai, alelofati, wato yadda tsiro ke fitar da sinadari ta saiwa ko ganye ya danne na kusa da shi. Wani masani ɗan Ostiriya, Hans Molisch, shi ya raɗa sunan a 1937. Kuma irin lurar da Baba ya yi ita ce ta haifi wani babban maganin ciyawa da ake sayarwa yau. A 1977 wani mai bincike a Kalifoniya ya ga ciyawa ba ta fitowa sosai ƙarƙashin wani itacen ado ɗan asalin Ostireliya, Callistemon, wanda dangin zaiti ne ma. Aka tono, aka gano sinadarin, ana ce masa leptospermone. Sai dai ba shi da ƙarfi, sai an zuba da yawan gaske. Masu haɗa sinadarai suka yi ta sassaƙa shi suna canza masa gini har aka samu mesotrione, kamfanin Syngenta ya fito da shi kasuwa a 2001 da sunan Callisto, na gonar masara. Ciyawar da ya taɓa fari take komawa fat kafin ta mutu, don yana hana ta yin abin da ke kare korenta daga rana.

Mai shagon magani, Gidar:
Daga 1977 zuwa 2001. Shekara 24, da Turawa da injuna da kuɗi. Alhaji kuma yana so ya gama nasa daren Juma'a a cikin duro.

Baban Ummi, Pitowa:
Duron nawa ne dai, ba aro na yi ba.

Ɗan Bongor, Cadi:
Salamu alaikum mutanen ƙetaren Logon. Ni wani bidiyo ƙanena ya turo mini, wata Baturiya ta haɗa binegar da gishiri da sabulun wanki ta fesa, kafin yamma ciyawa ta bushe ƙurmus. Wannan fa?

Goggo mai albasa, Marwa:
Ɗana, kada ka kuskura. Ni na yi, ba ji na yi ba. Jikata ce ta nuna mini irin wannan bidiyon, muka gwada a fangali biyu a bakin rijiya. Ranar farko murna har kunne, balasa ta yi laushi, ƙananan ciyayi suka ƙone. Kwana tara jiji ya dawo kore shar kamar taki aka ba shi. Fangalin kuma da na dasa albasa bayan nan, sai ƙasar ta yi farin ɓawo a sama, yaɗon ya tsaya cak. Sai da na yi ta kwarara ruwa kusan wata guda. Ita Baturiyar a tsakanin duwatsun ƙofar gidanta take fesawa, inda ba ta son komai ya tsiro har abada. Mu ƙasar ce jarinmu.

Ɗan jami'a, Marwa:
Haka ne Goggo. Binegar na girki tsaminsa kashi 5 ne zuwa 8 cikin 100. Wanda ake yi don ciyawa yana kai kashi 20, shi kuwa in ya fantsama a ido zai iya makantarwa. Duka biyun ganye kawai suke ƙonawa, ba sa gangarawa saiwa. Haka man kanumfari, haka wani da ake sayarwa a Faransa mai suna Beloukha da ake samowa daga man tsiro. Ciyawa 'yar ganye biyu zuwa huɗu za su kashe ta. Amma jiji yana da 'ya'ya a ƙasa a jere kamar carbi, tofa da kirikiri suna da jijiya mai rarrafe. Ka ƙona sama, ka yi musu aski ne kawai.

Mai shanu, Ngong:
Ni abin da ke ba ni mamaki, da an ce abu daga ganye yake sai mutane su ce ba ya cutarwa. Zaƙami ba ganye ba ne? Tinya fa? Majimfa da ake zubawa a ruwa kifi su taso ciki sama? Ko dawar nan da muke ci, gyauronta ya taɓa kashe mini maraƙi biyu rana guda, bayan ɗan fari ruwa ya sauka suka faɗa gona suka ci sabon toho. Kumfa a baki, kafin a kawo wuƙa ɗaya ya tafi.

Kawu malamin gona:
Allah ya mayar da alheri. Maganarka tana kan hanya. Ɗanyen tohon dawa yana da wani abu da in dabba ta tauna yake rikiɗa ya zama guba mai tsayar da numfashi. Kuma tunda ka ambaci dawa, ai ita ya kamata mu yi magana a kai tun farko, ba zaiti ba. Cikin abin da muke shukawa babu mai faɗa da ciyawa kamarta. Duk wanda ya taɓa shuka jar dawa, wadda Fulani ke cewa njigaari, ya cika ta sosai, ya san bayan noman farko gonar kan yi sauƙi.

Ɗan jami'a, Marwa:
Akwai dalili Kawu. Siraran gashin saiwar dawa suna tsatso wani abu mai maiƙo, ruwan ɗorawa, ana kiransa sorgoleone. In ka tsirar da dawa a kan jiƙaƙƙen tsumma kwana biyar, ka duba bakin saiwar da kyau za ka iya ganin ɗigonsa. Yana hana ƙananan ciyayi sarrafa hasken rana, musamman masu ƙananan iri. A Pakistan kuma, a jami'ar aikin gona ta Faisalabad, sun daɗe suna gwada ruwan karan dawa. Su sassare busasshen kara, su jiƙa kwana guda da yini, su tace, su dafa ruwan ya ragu, su fesa a gonar alkama da auduga. Sorgaab suke ce masa. Abin da suka samu, yana rage ciyawa, ba ya share ta. Inda ya fi amfani shi ne da suka haɗa shi da ragaggen awo na maganin kanti. Abu ɗaya da za a kiyaye, wancan mai maiƙon na saiwa ba shi ne ke fita a ruwan kara ba, wasu sinadarai ne daban masu rauni.

Mai shagon magani, Gidar:
Ragaggen awo! Nan ne zan yi magana da babbar murya. Kullum faɗan da nake yi da mutane ke nan. A ce ka zuba gwangwanin tumatir biyu, mutum ya zuba ɗaya don ya ja lita ta kai masa kar huɗu, wato hekta guda. Ciyawar ta sha ta yi maye ta farfaɗo, baɗi 'ya'yanta su fito ba sa jin magani, sai a zo shagona a ce na sayar da jabu. In masu bincike sun rage, da ma'auni suka rage. Kada wani ya karanta wannan ya ce an ba shi fatawa.

Kawu malamin gona:
Yau dai na yarda da kai, a rubuta ranar.

Mai shanu, Ngong:
Sannan karan da za ku jiƙa, na wa? Mu da rani kara shi ne ran shanunmu. A Marwa ɗaurin karan masakwa kuɗi ne a hannu. Wa zai zuba abincin shanu a duro ya dafa, da itacen da matan gida ke tafiyar awa biyu su samo?

Ɗan Bongor, Cadi:
Mu a nan damuwarmu ba harkiya ba ce. Ƙuduji ne. Gonar gero ta mahaifina in ka je watan tara sai ka ce lambun fure aka yi, ja-ja ko'ina, geron kuma iya gwiwa. Maganin kanti ma ba ya yi masa komai, don kafin ka gan shi ya gama shan jinin. Akwai ganyen da ke maganinsa?

Kawu malamin gona:
Yauwa. Yanzu aka zo wurin. Ɗana, zauna da kyau, don a kan wannan na ƙare ƙuruciyata tsakanin Mora da Kaele, kuma a nan ne maganar sinadarin tsiro take da nama, ba romo ba.

Ƙuduji, wuta-wuta, Fulani su ce duuli. Irinsa kamar ƙura yake, gindi ɗaya yana zubar da dubun-dubata, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Me yake jira? Ba ruwa kaɗai ba. Ba ya tsirowa sai ya ji ƙamshin saiwar da zai kama. Dawa da gero da masara suna fitar da wani sinadari ta saiwa, shi ne sallamar da yake jira. Da ya ji sai ya fasa, ya miƙa ɗan bakinsa ya manne. Kun ga abin mamaki, dawar da muka gama yabo tana korar ciyawa, ita ce da bakinta take kiran maƙiyinta. Kuma ƙasa in ta gaji, ba taki, kiran ya fi ƙarfi. Shi ya sa ƙuduji ya fi son gonar talaka.

To ga dabarar. Guzurinsa kaɗan ne. In ya tsiro bai sami inda zai kama ba, 'yan kwanaki ya mutu. Akwai amfanin gona da ke yin irin wannan sallamar amma ƙuduji ba ya iya kama su. Auduga ce kan gaba. Asali ma a saiwar auduga aka fara gano sinadarin, a Amurka a 1966, aka sa masa suna strigol. Waken suya yana yi, gyaɗa tana yi, wasu irin wake ma haka. Su tashe shi daga barci, ya fito ya tarar ba kowa a gida. Manomin da ke juya auduga da dawa yana fesa maganin ƙuduji na tsiro shekara da shekaru bai sani ba, ba famfo, ba duro, saiwa ce ke aikin dare da rana a daidai inda irin yake. Amma kada a ce na ce shekara ɗaya ta isa. Rumbun da aka cika shekara ashirin ba a kwashe shi a damina guda. Kuma dole a tuge wanda ya fito kafin ya yi fure, a ƙona shi, ba a jefar a kunya ba.

Ɗan Bongor, Cadi:
Kawu, wake fa na ga shi ma yana da nasa ƙudujin.

Kawu malamin gona:
Yana da shi, amma wani iri ne daban, gajere, furensa bai kai wancan ja ba. Na wake ba ya kama gero, na gero ba ya kama wake.

Ɗan jami'a, Marwa:
A Kenya cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta yi aiki da wata ciyawa dangin wake, Desmodium, ana shuka ta tsakanin layin masara. Da farko don tsutsar kara aka kawo ta, sai aka ga ƙuduji ma ya ɓace. Saiwarta na fitar da abu biyu, ɗaya ya tashe shi, ɗaya ya hana shi mannewa. Dabbobi kuma suna son ta.

Mai shanu, Ngong:
Dabbobi suna son ta, ka faɗi matsalar da bakinka. Ita ciyawar so take ta shekara a gona. Mu nan da an kwashe amfani gona ta zama ta kowa. Lokacin da kamfanin auduga na Sodecoton da mutanen CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, suka kawo shuka a ƙarƙashin rufin ciyawa, ai abin ya yi kyau a gonar gwaji, ƙasa a rufe, danshi, ciyawa kaɗan. Me ya hana shi bazuwa? Shanu da wutar daji. Ni mai shanu ne, ba zan ɓoye ba. In ba shinge, watan uku ko tsinke ba za ka tarar ba.

Goggo mai albasa, Marwa:
Mu dai tun muna yara a gidanmu, kakata in za a yi shuka sai ta sa a daka makuba, ɓawon ɗorawa, a gauraya da irin dawa, ta ce maganin wuta-wuta ne. Har da garin ɗorawar wani lokaci, mu kuwa muna lasa a ɓoye. Ban sani ba ko camfi ne.

Kawu malamin gona:
Ba camfi ba ne Goggo, Allah ya jiƙan tsohuwa. Masu bincike a Samaru ta Zariya sun gwada ɗorawa da 'ya'yan darbejiya a kan ƙudujin dawa, sun ga yana raguwa. Raguwa na ce. Ga shi kuma darbejiya ko a titunan Marwa 'ya'yanta zuba suke yi ana takawa. Tunkuzarta taki ce mai kyau, ko ba ta kashe komai ba ba ka yi asara ba. Haka gawo. Ku duba ƙarƙashin gawo a gonar da ƙuduji ya cinye, za ku ga dawar wurin ta fi, shi kuma ya yi ƙaranci, don ƙasar a ƙoshe take.

Mai shagon magani, Gidar:
Duk na ji. Amma a gaya mini, mai karal, wato filin laka, hekta uku da zai dasa masakwa watan goma, ciyawa ta kai ƙirji, ga shinkafar daji mai jijiya, 'yan ƙwadago sun yi tsada, yara suna makarantar sakandare. Da makuba zai share ta? Kafin maganin ciyawa na glifosat ya zo mutane nawa ne suka bar karal ɗinsu ya koma daji?

Kawu malamin gona:
Ba wanda ya ce a zubar da shagonka a Binuwai. A karal ban san abin da zai maye gurbinsa yau ba. Amma kai ma ka daina sayar wa mutane maganin ciyawa na parakwat kamar man gyaɗa. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, ba shi da makari, kurɓi ɗaya ya isa. Ina kyautata zaton irinsa ne ya ci bayan yaron Baban Ummi. Kuma jarkokin da ba kowa ciki, na sha ganin mata suna ɗibar ruwa da su.

Mai shagon magani, Gidar:
Jarka kam ina faɗa, ina hudawa ma in an dawo da ita. Ba a dawowa da ita ne.

Baban Ummi, Pitowa:
Na gode ƙwarai jama'a, usoko. Amma ni Bahaushe ne, gani ya kori ji. Zan gwada a gefe.

Kawu malamin gona:
In za ka gwada, yi shi yadda zai faɗa maka gaskiya. Auna fili huɗu, taku biyar-biyar, a wuri ɗaya, nesa da zaitin. Ɗaya ruwan zaiti, ɗaya ruwan kara, ɗaya ka shimfiɗa karan kansa ya rufe ƙasa, na huɗu kada ka yi masa komai. Na huɗun nan shi ne alƙali, kada tausayi ya sa ka nome shi. Ka wanke famfo sau uku tukuna, in ba haka ba ragowar maganin bara zai yi aiki ka ce zaiti ne. A tace da ɗankwali biyu, kada bakin famfo ya toshe.

Bayan sati biyar

Baban Ummi, Pitowa:
Salamu alaikum. Na zo da rahoto, ga hotuna huɗu. Na zaiti da na alƙali, wallahi in ba don turakun da na kafa ba ba zan bambance su ba. Na ruwan kara, balasa da ƙananan masu faɗin ganye sun ɗan yi baya sati biyu na farko, masarar ma ta ɗan yi fari a bakin ganye sannan ta warware, yanzu ciyawar ta kamo. Jiji ko a jikinsa. Wanda na shimfiɗa wa kara shi ne abin kallo, ciyawa jefi-jefi, in ka tura hannu ƙasa sanyi kamar randa, ko da muka yi kwana takwas ba ruwa masarar wurin ba ta naɗe ganye ba. Sai dai gara ta shiga karan, kuma na kashe kunama biyu.

Asarar da na yi, duron ya ɗauki warin ruɓaɓɓen zaiti, Maman Ummi ta ce ko wanki ba za ta yi da ruwansa ba, sai na sayo wani.

Mai shagon magani, Gidar:
Ina da duro, sabo fil, bai taɓa ganin magani ba. Zan yi maka ragi.

Ɗan Bongor, Cadi:
Kawu, mun sa gyaɗa a rabin gonar Baba bana, da ƙyar ya yarda, ya ce tun kakansa gero ake shukawa a wurin. Ɗaya rabin ƙudujin ya fara leƙowa. In mun tuge, a gona za mu ƙona ko sai mun kai bakin hanya?

Kawu malamin gona:
In bai yi fure ba ko'ina ma ya yi. In ya fara, a sa a buhu tun a gindinsa, kada a kaɗa, a haƙa rami a bakin hanya a ƙona a ciki. Buhun ma kada ya koma rumbu.

Mai shanu, Ngong:
Baban Ummi, karan da ka shimfiɗa ɗauri nawa ya ci a taku biyar ɗin? Ina so in lissafa na kar guda, in ga ko ni da kai za mu ci gaba da gaisawa da rani.